Hawan jini: wa ke riƙe da maras lafiya bayan ya fito daga wurin likita?

Mutumin da aka ɗora a kan maganin hawan jini, ko da yana cikin masu kiyaye ranar asibiti, ganinsa da likita bai wuce 'yan lokuta a shekara ba, kowane zama kuma na 'yan mintoci ne, ga layi a waje ana jira. Sauran kwanakin shekara shi da ƙwayarsa ne kawai. A cikin waɗannan kwanaki ne ƙafa ke kumbura ya tsorata, kuɗin magani ya yanke, maƙwabci ya kawo masa jiƙo, azumi ya kama ya rasa lokacin da zai sha, ko kuma ya ji garau ya ce ai ya warke. Likita ba ya nan a ko ɗaya daga cikinsu. Wanda yake nan shi ne mutumin da ke tsaye bayan kanta a kantin magani.

Alƙaluma ma sun nuna cewa a wannan tsakanin ne ake asarar mutane. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce masu hawan jini sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun maganin da ya wadatar. A Najeriya, wani nazari da ya tattara binciken shekaru masu yawa, wanda aka buga a 2021, ya ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin manya uku yana da hawan jini. Daga cikinsu kashi 29 cikin ɗari ne suka sani, kashi 12 ke shan magani, waɗanda jininsu ya sauka ya daidaita kuwa ba su kai kashi 3 ba. A dubi tazarar da ke tsakanin 12 da 3. Mutane ne da suka riga suka je asibiti, aka rubuta musu magani, suka saya, amma jinin bai sauka ba. Wayar da kai a rediyo ba zai gyara wannan ba. Bibiya ce babu.

Abin da ya sa ciwon ke da wuyar sha'ani shi ne ba ya ciwo. Zazzaɓi shi ke kai mutum kemis da ƙafarsa, hawan jini kuwa sai mutum ya yi shekara goma da shi yana zuwa kasuwa yana dawowa, alhali jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na ido suna ta shan matsi, zuciya tana ta kauri saboda aikin ƙarfi. Ranar da zai bayyana kansa, sau da yawa da shanyewar ɓarin jiki yake zuwa, ko ciwon zuciya, ko a ce ƙoda ta tsaya sai wanki. Ciwon kai da jiri da mutane ke auna kansu da su ba ma'auni ba ne. Ma'auni shi ne na'ura: idan awo a ranaku biyu daban-daban ya nuna lambar sama ta kai 140 ko lambar ƙasa ta kai 90 ko fiye, to akwai hawan jini. Ga mafi yawan masu shi kuma magani ba ya warkar da shi, riƙe shi yake yi. A daina sha, ya koma inda yake.

Famasis daban, mai kemis daban

Dole a raba waɗannan biyun tun da wuri, don a bakin jama'a duk wanda ke sayar da magani ɗaya ne, wani ma har “dakta” ake ce masa. Famasis mutum ne da ya yi shekara biyar ko shida a jami'a yana karatun magunguna, irin wanda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo, ya yi shekarar koyon aiki, sannan hukumar PCN mai kula da harkar ta yi masa rajista. Kantinsa ma sai da rajista. Mai kemis kuwa lasisinsa na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, a cikin kwalinsu na asali. Maganin hawan jini ba ya cikin wannan rukuni.

Wannan a takarda ke nan. A zahiri kantunan famasis sun taru a manyan birane, a cikin biranen ma a unguwannin masu hali da bakin manyan asibitoci. Mutumin ƙauye, da ma na lungunan cikin gari, mai kemis ya sani, kuma a wurinsa yake sayen ƙwayar hawan jininsa ko doka ta yarda ko ba ta yarda ba. Duk abin da za a faɗa a ƙasa game da famasis sai a riƙa tunawa da wannan giɓi.

Abin da ke faruwa a bakin kanta

Farkon aiki awo ne, kuma awon da aka yi ba daidai ba gara ma ba a yi shi ba. Mutum ya sauko daga babur cikin rana, goro a baki, fitsari ya matse shi, a ɗaura masa na'ura a kan hannun riga yana tsaye yana ciniki, lambar da za ta fito ba ta jininsa ba ce. Ƙa'ida ita ce ya zauna kamar minti biyar, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a ɗore daidai ƙirji, ba magana, kuma bai ci goro ko ya sha taba ko kofi ba a rabin awar da ta wuce. A auna sau biyu. Maɗaurin ma yana da girma-girma: a sa wa mai kaurin dantse ƙarami, sai na'ura ta ƙara masa lamba. Ga kuma waɗanda da zarar sun ga farar riga a asibiti jininsu ke hawa, su koma gida ya sauka. Awon da ake yi musu a kantin unguwa, wurin wanda suka saba gaisawa da shi, yakan fi kusa da gaskiya. Famasis na ƙwarai ba ya tsayawa a faɗa da baki. Yana rubuta lamba da kwanan wata a kati, mutum ya tafi da shi wurin likita.

Amma inda karatunsa ya fi amfani shi ne wurin gano dalilin da ya sa mutum ya daina shan magani, domin kusan kowane dalili yana da mafita, sai dai maras lafiya ba ya faɗa wa likita. A ɗauki amlodipine, wanda shi aka fi ba mutane a nan. Yakan kumbura ƙafa, musamman idan an kai miligiram 10. Hajiya ta ga idon sawunta ya cika, sai hankalinta ya tafi kan ƙoda, ta ajiye magani ba ta gaya wa kowa ba. Wani kuma a kemis sai a ƙara mata Lasix, ƙwayar sa fitsari, wai ya zuƙe ruwan, alhali irin wannan kumburi ba tarin ruwa ba ne kamar na ciwon zuciya, ƙananan jijiyoyi ne suka buɗe, don haka ƙwayar fitsari ba ta cika yi masa komai ba. Abin da ke aiki shi ne likita ya rage yawan maganin ko ya haɗa shi da irin su losartan. Lisinopril kuma yana sa wasu busasshen tari mai naci. Nawa ne suka sha kwalabe na maganin tari da ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta wata da watanni, ba wanda ya tambaye su wane magani suke sha kullum? Tambaya ɗaya ce: “Baba, tarin nan kafin a fara ba ka wannan ƙwayar ya fara ko bayan?”

Akwai kuma wanda maza ba sa faɗa. Wasu daga cikin tsofaffin magunguna, irin su atenolol da ƙwayoyin fitsari, suna iya rage ƙarfin namiji, kuma wannan labari ya riga ya zaga majalisu har ya shafi kowane maganin hawan jini, mai laifi da marar laifi. Magidanci zai gwammace ya daina sha a ɓoye da ya buɗe baki a ɗakin likita ga nas tana tsaye. Famasis da ya iya janye shi gefe ya ce “Alhaji, akwai wani canji da ka gani a gida tun da ka fara?” ya ceci rai. Shi kansa hawan jinin da aka bari ba magani yana kashe wannan ƙarfi, kuma akwai magungunan da za a iya canza masa. Atenolol ma ba a yanke shi rana ɗaya, don zuciya na iya yin bore.

Sai magungunan da ke tayar da jini ko su karya aikin na hawan jini, kuma a nan ne nake ganin kantin magani ke da laifi da lada a lokaci guda, don daga kanta ɗaya duka suke fita. Masu ciwon gwiwa da ciwon baya, waɗanda yawancinsu dattawa ne masu hawan jini, suna rayuwa a kan diclofenac da ibuprofen da piroxicam. Waɗannan suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, su rage ƙarfin maganin hawan jini, idan kuma suka haɗu da lisinopril ko losartan da ƙwayar fitsari, ƙoda ce ke ji a jika. Haɗin nan na ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, “a haɗa min na gajiya”, galibi ba a rasa ɗaya ko biyu daga cikinsu. Haka dexamethasone da prednisolone da ake sha don ƙiba, da wasu mayukan bilicin masu irin wannan sinadari, da maganin mura mai buɗe hanci da ke ɗauke da pseudoephedrine, da ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estrogen. Likitan da ya ga jini ya ƙi sauka zai ƙara magani ne, don bai san abin da ake sha a gefe ba. Wanda ya sayar da na gefen ya sani.

Batun mata masu ciki ba ya son dogon bayani: lisinopril da losartan da danginsu suna cutar da jariri a ciki. Mace mai shekarun haihuwa da ta zo sayensu, a tambaye ta. Idan ciki ya shiga, a mayar da ita asibiti a canza mata zuwa irin su methyldopa ko nifedipine ko labetalol, kuma ta kama zuwa awo.

Azumi ma yana da nasa. Yawancin magungunan yanzu sau ɗaya ake sha a yini, don haka mayar da su lokacin buɗa-baki ko sahur ba wuya. Ƙwayar fitsari ce ke son lura. Wanda ya sha ta da sahur a azumin da ya faɗo cikin bazara zai wuni yana zubar da ruwan da ba zai iya mayarwa ba, jiri ya kwashe shi da la'asar. Irin wannan gyara ana yin sa ne tun a Sha'aban, da sanin likita.

Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin abinci. Cewa “a rage gishiri” kawai ba ya isa, domin uwargida za ta rage na gwangwani ta ƙara dunƙule, shi kuwa dunƙule kaso mai yawa na jikinsa gishiri ne. Ga yaji, ga kilishi, ga taliyar leda da ɗan ƙullin garinta, ga kanwa wadda ita ma tana ɗauke da sinadarin sodiyam ɗin da ake gudu. Kuma wanda ya zo sayen magani sau da yawa ba shi ke riƙe da tukunya ba, saƙon sai ya isa madafa. Zoɓo da ake ta yabo, gaskiya ƙananan bincike sun nuna yana ɗan sauke jini, amma kaɗan ne, ba ya maye gurbin ƙwaya, balle wanda aka cika wa sukari.

Shagon aski a Los Angeles

Duk wannan zai iya zama zance mai daɗi kawai in ba a gwada shi ba. An gwada. Mafi shahara shi ne binciken da marigayi Dakta Ronald Victor na asibitin Cedars-Sinai ya jagoranta a Amurka, wanda aka buga a 2018. Baƙaƙen fata maza a can suna cikin waɗanda hawan jini ya fi yi wa ɓarna, kuma ba sa son zuwa asibiti, amma ba sa fashin aski. Sai aka ɗauki shagunan aski 52 da maza 319 da jininsu bai daidaita ba, aka raba gida biyu. A kashi na farko mai aski yana ba da shawara ya ce a je a ga likita. A na biyu famasis ne ke zuwa shagon, ya auna, ya rubuta magani, ya ƙara ko ya canza bisa yarjejeniya da likitocin mutanen, ya kuma duba jininsu don lafiyar ƙoda. Bayan wata shida lambar sama ta sauka da 27 a kashi na biyu, a na farko kuwa da 9. Kusan kashi 64 cikin ɗari na waɗanda famasis ya bibiya sun sauka ƙasa da 130 bisa 80, a ɗaya ɓangaren kashi 12 ma ba su cika ba.

Abin lura shi ne Victor ya taɓa yin makamancin wannan a Dallas shekaru kafin nan, inda masu aski ke awo su tura mutane wurin likita. Sakamakon bai taka kara ya karya ba. Wato awo da nasiha da “je ka ga likita” ba su ne suka kawo bambanci ba. Bambancin ya zo ne da aka kawo mai ikon taɓa magani inda mutane suke, yana kuma dawowa a kai a kai.

A lardin Alberta na Kanada, inda doka ta ba famasis da suka cika sharaɗi ikon rubuta magani, wani gwaji da aka buga a 2015 a kan mutum 248 ya nuna abu mai kama da haka: saukar kusan 18 a hannun famasis mai rubuta magani, kusan 12 a kulawar da aka saba. Ingila kuma ta bi wata hanya mai sauƙi. Tun Oktoban 2021 hukumar lafiyarta ta NHS ke biyan kantunan magani su auna 'yan shekara 40 zuwa sama kyauta, wanda aka ga nasa ya hau a ɗaura masa na'urar da ke bin jininsa tsawon yini, a aika sakamako ga likitansa. A lura da kalmar biya. Famasis na can yana samun kuɗi a kan awon kansa, ko an sayi magani ko ba a saya ba.

A nan gida

A nan ne gizo ke saƙar. Famasis ɗinmu ɗan kasuwa ne, abincinsa na cikin abin da ya sayar. Minti goma sha biyar da zai yi yana zaunar da Baba yana aunawa yana tambaya, ba wanda ke biyansa, ga masu saye sun yi layi. Idan ya ce wa mai ciwon gwiwa ya bar diclofenac, ciniki ya rage wa kansa. Masu yi don Allah suna nan, amma ba a gina tsarin lafiya a kan kirkin mutum ɗaya ɗaya. Wasu kantunan ma sunan famasis ne kawai a jikin lasisi, yara ne ke tsare kanta daga safe har dare. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta sake wa fasali, da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi irin ta Kano, su ne ke da halin sanya kuɗi a kan awo da bibiya kamar yadda suke sanyawa a kan ganin likita.

Tsada ita ce babbar mai raba mutane da magani, domin mafi yawan kuɗin lafiya a Najeriya daga aljihu yake fita. Bayan faɗuwar darajar naira a 2023 da janyewar kamfanoni irin su GSK da Sanofi daga harkarsu ta kai-tsaye a ƙasar, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Sai aka koma “yanko min rabin kati”, ko a sha yau a tsallake gobe don ya kai ƙarshen wata. A nan famasis yana da abin yi nan take. Norvasc, wato amlodipine na kamfanin asali, da amlodipine na wani kamfani mai rajistar NAFDAC sinadari ɗaya ne, farashinsu kuwa ba kusa ba. Ƙwaya ɗaya da ta haɗa magani biyu takan fi sauƙin tunawa. Sai dai araha tana da amfani ne idan maganin na gaske ne kuma an adana shi da kyau. Yawancin ƙwayoyin nan ana so a ajiye su ƙasa da digiri 30, zafin Kano a watan Afrilu kuwa yana haura 40. Wannan na cikin hujjojin da hukumomi suka bayar a 2024 lokacin da suka rufe shaguna sama da dubu a yankin Sabon Gari don tilasta wa dillalan magani komawa sabuwar kasuwar Dangwauro da ke hanyar Zariya.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne maganin hawan jini na yau da kullum ya daina zama sirrin ƙwararru. Binciken CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida aka buga a 2019, ya nuna cewa ga baƙar fata haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jini a kan haɗin perindopril da ƙwayar fitsari. Najeriya tana da tsari mai hawa-hawa a rubuce: a fara da amlodipine, in bai isa ba a haɗa da losartan, a ƙara yawansu, a kawo ƙwayar fitsari, in ya faskara a tura babban asibiti. Da irin wannan tsari aka fara shirin daƙile hawan jini a ƙananan asibitocin Kano da Ogun a 2020, kuma ma'aikatan lafiya na matakin farko ne ke gudanar da shi. Idan jami'in lafiya na ƙaramin asibiti zai iya bin matakan nan, ban ga hujjar da za ta hana wanda ya yi shekara biyar yana karatun magani ya bi su ba, muddin likita ne ya tabbatar da ciwon, akwai yarjejeniya a rubuce, akwai kuma kati da ke kai-kawo tsakaninsu. Tsoron da likitoci ke nunawa, cewa mai sayarwa bai kamata ya zama mai rubutawa ba, tsoro ne mai tushe. Maganinsa tsari da sa ido ne, tunda abin da ake gudun yana faruwa kullum a kemis ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Shi mai kemis, tunda ba za a iya kau da kai daga gare shi ba, aikinsa ya tsaya a uku: ya iya awo daidai, ya daina haɗa wa dattawa ƙwayoyin ciwon jiki barkatai, ya san lokacin da zai ce a tafi asibiti. Wannan na ƙarshe ya shafi famasis ma. Awon da ya kai 180 bisa 120, musamman tare da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko gani dishi-dishi, ko ruɗewa, ba na kanti ba ne. Haka karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko harɗewar harshe, ko da na 'yan mintoci ne ya wuce. Haka mai ciki da jininta ya kai 140 bisa 90, balle in da ciwon kai da kumburin fuska. Tsohuwar dabarar nan ta fasa nifedipine a zuba a ƙarƙashin harshe don jini ya faɗo nan take an daɗe da barinta, domin faɗuwar gaggawa tana iya yanke wa ƙwaƙwalwa jini ta jawo shanyewar da ake gudu. Abin da ake so daga mai kanti a wannan hali shi ne ya rubuta lambar da ya gani, da lokacin, da sunayen duk magungunan da mutumin ke sha, ya miƙa wa 'yan'uwansa, a nemi abin hawa.